Jirgin ƙasan Kalka zuwa Shimla da ramin Barog: ya ci kuɗinsa, amma ka zaɓi tarago mai buɗe taga

Duk wanda ya je Indiya, ko rakiyar mara lafiya ce ta kai shi ko karatu ko sarin kaya, in dai ya samu sarari a tsakani to ni shawarata ya daure ya je ya hau jirgin ƙasan nan da ke tashi daga Kalka ya hau dutse har Shimla. Tauraro huɗu nake ba shi cikin biyar. Mutanenmu da yawa suna zuwa Delhi su yi wata guda daga asibiti sai masauki daga masauki sai asibiti, in an fita yawo ma bai wuce a je Agra a ɗau hoto a Taj Mahal a dawo ba, alhali ga wannan abu nan kusa kuma kuɗinsa bai kai ya kawo ba.

Kalka ƙaramin gari ne a jihar Haryana, a gindin duwatsu, bai fi tafiyar kilomita 30 daga Chandigarh ba. Daga Delhi akwai jirgin Shatabdi na safe da yake kai mutum Kalka wajen awa huɗu, kana sauka sai ka taka zuwa ɗaya ɓangaren tashar inda ƙananan jiragen suke jira. Ganin farko dariya za ka yi, don faɗin layin dogon ƙafa biyu da rabi ne kacal, milimita 762, taragun kuma 'yan tsirit, shi ya sa su kansu 'yan ƙasar suke kiransa jirgin wasan yara. Amma ba wasa yake ba. Daga Kalka da take kan tsayin mita 656 sai ya haura da kai Shimla da ta wuce mita 2,000, cikin tafiyar kilomita 96, ya ratsa ramuka 102 da aka fasa cikin dutse, da gadoji sama da 800, kwana kuwa ta haura 900. Awa biyar ne ko da ɗan ɗoriya, wani lokacin ɗoriyar ma ta yi kauri, don haka mai gaggawa ya nemi mota tun daga Kalka kar ya zo yana tsaki yana damun mutane.

Turawan Ingila ne suka gina shi, aka buɗe a watan Nuwamba 1903 lokacin Lord Curzon yana mulkin Indiya. Dalilin kuwa zafi. Tun 1864 suka mayar da Shimla hedikwatarsu ta lokacin bazara, wato in zafi ya taso sai gwamnati gaba ɗaya ta tattara fayil-fayil da akawuna da kuku da boyi-boyi ta baro Kalkata ta hau dutse shan iska, kuma kafin jirgin da keken doki ake wannan hawan. Ka ji masu mulki, rana ta dame su sai aka fasa duwatsu sama da ɗari. A 2008 UNESCO ta sa layin cikin kayan tarihi na duniya, a rukuni ɗaya da na Darjeeling da na Nilgiri. Abin da ya ɗan sosa min rai ina cikin jirgin shi ne mu ma fa mun taɓa samun irinsa, layin da ya tashi daga Zariya ya hau Jos har Bukuru saboda kuza, faɗinsa ɗaya sak da wannan, ƙafa biyu da rabi, amma aka rufe shi a 1957. Su nasu yana nan yana aiki har mutane na tahowa daga wata uwa duniya suna biyan kuɗi su hau. To Allah ya kyauta.

Maganar tikiti tukuna, don nan ne ake cutar baƙi. Jiragen kala-kala ne, akwai Shivalik Deluxe da ke tashi da asuba wanda kujerunsa ke da laushi kuma ana ba da abin kari a ciki, akwai Himalayan Queen da ke tashi wajen tsakar rana daidai lokacin da mutanen Delhi suke isowa, akwai mai rufin gilashi da aka kawo daga baya, akwai wata 'yar ƙaramar mota mai tafiya kan dogo da ba ta ɗaukar mutane da yawa, sannan akwai na talakawa mai tsayawa kusan kowace tasha. Lokacin da muka je mafi tsadar cikinsu ma 'yan ɗaruruwan rupi ne, na talakawan kuwa kusan kyauta. Wani ejan a unguwar da muka sauka a Delhi ya so ya ninka mana kuɗin har sau ban san adadi ba, wai shi zai haɗa mana komai da komai, da muka ga take-takensa sai muka ce ya bar shi kawai, wani ɗalibi ɗan Kano da ke karatu a can ya saya mana ta intanet a waya. Abin da kawai zan ja kunne a kai shi ne a saya da wuri, musamman Mayu da Yuni lokacin hutun makarantunsu da kuma ƙarshen Disamba, don kujerun ba su da yawa kuma 'yan ƙasar ma rububinsu suke yi.

Ni dai ra'ayina, kuma na san wasu za su ce ba haka ba, kar ka biya kuɗin mai gilashin nan in dai ramukan ka zo gani. Yana da kyau a hoto, ba musu, amma a rufe kake ruf, ba iska ba ƙamshin itatuwa ba ƙarar da dutse ke mayarwa, ka zama mai kallon talabijin kawai. Tarago mai taga da ake ɗagawa shi ne magana. In da hali ka nemi kujerar hannun dama lokacin hawa, ta nan kwarin ya fi fitowa, ko da yake da yawan kwanar da jirgin ke sha kowane gefe yana samun rabonsa.

Da an bar Kalka ba a jima ba ake shiga jihar Himachal Pradesh a fara hawa, kuma ramukan tun daga nan suke fara zuwa, kowanne da lambarsa a rubuce a bakinsa. Yawancinsu gajeru ne, kafin ka ce me an fito. Yara sukan fara ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, zuwa wajen na ashirin duk sun gaji sun koma cin cincin ɗinsu. Na farko mai ɗan tsawo shi ne na Koti, lamba 10, ya kusa mita 700. Tsakanin Sonwara da Dharampur kuma akwai wata gada da ya kamata ka leƙa ka gani, lamba 226, ba ƙarfe ba ce, dutse ne aka gina baka-baka hawa biyar wani kan wani har ya cike kwarin, kuma da yake kana samanta ba za ka gan ta da kyau ba sai jirgin ya sha kwana ka waiwaya. A wajen nan ne kuma layin yake naɗe kansa, ka ga dogo a ƙasanka ka ɗauka wani layi ne daban, ashe inda kuka wuce ne mintuna kaɗan baya.

Sai Barog, lamba 33, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan dogon bayani. Shi ne mafi tsawo a layin gaba ɗaya, mita 1,143, kuma miƙe yake sambal ba kwana ko ɗaya, abin mamaki a layin da ba ya iya tafiyar minti guda bai karkata ba. Bayan an wuce Kumarhatti sai ka ji direba ya danna hon mai tsawo, sai duhu ya rufe. Abin da ya fara taɓa ni iskar ce, sanyi mai damshi ya bugo ta taga kamar ka tura kai cikin randa, sannan warin dizal ya biyo baya don hayaƙin injin ba shi da wajen fita sai ta kanku. Fitilun tarago 'yan ƙanana ne, suna haska bangon da ke dab da taga har kana ganin jerin ginin da aka yi masa da inda ruwa ke tsattsafowa yana sheƙi, in ka miƙa hannu za ka iya taɓawa amma don Allah kar ka gwada. Su kuma Indiyawa al'adarsu ce da an shiga rami sai ihu da fito, manya da yara, wani dattijo mai rawani da ke gabana wanda tun Kalka bai ce uffan ba sai ga shi ya sa yatsu a baki yana fito iya ƙarfinsa, matarsa tana dukan kafaɗarsa tana dariya. Ƙarar ƙafafun jirgi da ihun nan duk su haɗu su dawo maka a kunne. Wajen minti biyu da rabi ake yi a ciki, don jirgin ba ya wuce gudun kilomita 25 a awa, kuma da yake ramin a miƙe yake in ka ɗan karkata kai ta taga za ka hango hasken ƙarshensa ɗan ƙarami tun daga nesa yana ta girma. Kuna fitowa kawai sai tasha, ba wani tsakani, bakin ramin yana ƙarshen dandamalin tashar Barog.

To a nan ne mutane suke rabuwa biyu. Wasu za su ce au, shi ke nan? Duk wannan suna da ake ta yi ashe duhun minti biyu ne? Kuma in ka tsaya a haka gaskiyarsu ne, rami dai rami ne. Amma ka sauka ka tsaya a bakinsa ka dube shi, ka tuna daga 1900 zuwa 1903 aka yi aikin nan, ba injin haƙa irin na yanzu ba kwamfuta ba na'urar auna hanya ta tauraron ɗan adam, mutane ne da diga da nakiya da fitila, cikin dutse mai tsage-tsage da ruwa ke bi, kuma yau sama da shekara 120 jirgi na bi ta ciki kullum. Ni wannan ne ya biya ni kuɗina.

Labarin sunan wajen kuwa duk wanda ka tambaya zai ba ka, daga mai shayi har mai duba tikiti, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Wai wani injiniyan Bature ne, Kanal Barog, aka ba shi aikin, sai ya sa aka fara haƙa daga gefe biyu na dutsen don a haɗu a tsakiya a rage lokaci, aka yi ta haƙa aka yi ta haƙa ba a haɗu ba, lissafi ya kuskure. Gwamnati ta ci shi tarar rupi ɗaya tak, ba don kuɗin ba sai don a kunyata shi a gaban leburorinsa, shi kuma abin ya fi ƙarfin zuciyarsa, ya fita yawo da karensa ya harbe kansa, aka binne shi kusa da ramin da ya gagara. Daga nan sai babban injiniya H. S. Harington ya sa aka fasa sabo a wani wajen ɗan nesa kaɗan, da taimakon wani mutumin yankin mai suna Bhalku wanda ake cewa da sanda yake bubbuga dutse ya saurara ya ce a bi ta nan. Har gidan tarihin jirgin ƙasa aka sa wa sunansa a Shimla, Baba Bhalku. Labarin Kanal ɗin na baka ne, haka ake ba da shi haka nake ba ku, kuma su 'yan yawon buɗe ido an fi sayar musu da ɓangaren fatalwa, wai har yanzu yana zagaya ramin a kan doki yana hira da mutane. Wani saurayi a taragonmu ya dage shi lallai ya ji wani abu ya shafa masa wuya a cikin duhun, na ce masa ɗan'uwa ruwan da ke ɗiga ne, bai ji daɗi ba. Abin da yake tabbas shi ne tsohon ramin da aka watsar yana nan, tafiyar wajen kilomita ɗaya daga tasha ta cikin daji, hawa ne kuma hanyar ba ta da alama sosai, sai ka nemi ɗan gari ya raka ka. Wanda yake son ganinsa dole ya sauka a Barog ya kwana ko ya jira jirgin baya, don tsayuwar da ake yi ba za ta isa ba.

Tashar kanta tana cikin mafi kyau da na gani a ƙasar, tsaf-tsaf, fenti fari da shuɗi, tukwanen furanni a jere, ga dutse ya rufe ta ta baya. Jirgi yakan tsaya kamar minti goma, kowa ya ruga kantin tasha. Abin da aka san su da shi shi ne katlet, wato dankali da kayan lambu da aka dama aka soya, ana ba ka da biredi da shayin madara mai citta da zafinsa a ɗan ƙaramin kofi, ga sanyin dutse yana kaɗawa, wallahi ya shiga. Ka riƙe canji a hannu don layin yana da tsawo kuma kowa sauri yake, in ka ji hon na farko ka bar hoton nan ka koma kujerarka. Akwai ɗakunan kwana a tashar ga mai son ya kwana, kuma kamar ko'ina a Indiya baƙo sai ya nuna fasfo kafin a ba shi ɗaki, don haka kar a bar shi a Delhi.

Tauraro ɗayan da na cire, kujeru ne da tafiyar bayan an wuce Barog. Jirgin da aka yi wa layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi ba yadda za a yi ya samu fili, in kana da tsawo gwiwarka da ta wanda ke gabanka sai sun gaisa har ku saba, babbar jaka kuma ba ta da wajen zama, ka bar akwatinka a masauki ka ɗauki 'yar ƙarama. Bayin ciki ma ƙarami ne ƙwarai, ga jirgi na ta jijjiga, alwala a ciki sai gwani. Mu dai mun yi alwalarmu tun a Kalka muka haɗa Azahar da La'asar bayan mun sauka, ya fi sauƙi, don a cikin jirgin da ke juyawa kowane minti ba ka ma san ina ka dosa ba. A tuna kuma a can alƙibla yamma take, kar a saba da gida a juya gabas. Sannan gaskiya bayan an wuce Solan, garin da ya yi suna wajen noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci, gajiya takan fara shiga, ka ga rabin tarago sun yi barci. Tashoshin Kandaghat, Kanoh inda akwai wata gadar mai hawa huɗu, Kathleeghat, Shoghi, duk suna da kyau amma ido ya riga ya ƙoshi. Sai an zo Taradevi an ratsa rami mai lamba 91 aka fara hango gidajen Shimla a manne a jikin dutse sannan mutane suke farfaɗowa. Wanda mota ke sa shi amai ya sha magani tun kafin a tashi, duk da jirgin ya fi mota sauƙi nesa ba kusa ba. Mara lafiyar da aka yi wa aiki kwanan nan kuwa ban ba da shawarar a ɗora shi a kan wannan zaman na awa biyar ba sai likitansa ya yarda.

Wani abu kuma da ba laifin jirgi ba ne, kallo. In kai baƙar fata ne sai ka shirya, za a kalle ka, wasu su zo su ce a yi selfi, yawanci ba da mugun nufi ba ne, son sani ne kawai, amma in ya yi yawa yana gundura. Iyalin da muka zauna da su dai mutanen kirki ne, suka buɗe kwanon abincinsu suka matsa sai mun ci, muka ce nama ne a ciki suka ce su ko ƙwai ba sa ci, to ka ga an huta da tambayar yanka.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce, duwatsun sun yi kore shar amma ƙasa na zaftarewa, ana iya dakatar da jirgi ba shiri. A 2023 ruwan ya yi ɓarna sosai, a watan Agusta ya kwashe ƙasan layin kusa da tashar Summer Hill da ke dab da Shimla har dogo ya rage yana reto a sama, sai da aka yi makonni ana gyara kafin jirgi ya koma kaiwa Shimla. Disamba zuwa Fabrairu kuma sanyi ne na gaske, wani lokacin har da dusar ƙanƙara, wanda bai taɓa gani ba zai so, amma rigar sanyin da muke sawa da hunturu a gida ba za ta yi komai ba a can, sai an sayi tasu. Ni na fi ganin Maris da Afrilu ko Oktoba da Nuwamba, sama a washe, ba cunkoso sosai.

In kun isa Shimla ku sani tasha tana ƙasa gari yana sama, hawa ne mai cin gwiwa, akwai 'yan dako da ke ɗaukar kaya a baya da igiya, a yi ciniki kafin su ɗauka. Mall Road, babban titin garin, ba a shiga da mota, sai ƙafa. Birai kuma sun fi 'yan gari iko, kar ka riƙe leda a hannu kana tafiya, a wajen haikalin Jakhu har tabarau suke fizgewa daga fuskar mutum sai an ba su abinci su saki. Akwai masallacin Juma'a a Middle Bazaar ƙasa da Mall Road kaɗan, a kusa da shi ana samun masu abincin halal. Tsohon gidan gwamnan Turawa da aka gama a 1888 yana nan shi ma, yanzu cibiyar bincike ce amma ana barin baƙi su zaga wani ɓangare.

Dawowa kuwa mu mota muka bi, wajen awa uku zuwa Kalka, kuma haka nake ba kowa shawara, a hau da jirgi a sauko da mota, don zaman nan sau biyu a jere sai mai ƙashin baya na ƙarfe. In kuma lokacinka kaɗan ne ba sai ka kai Shimla ba ma, ka yanki tikitin Kalka zuwa Barog, wajen awa biyu ne, ka ga gadar Sonwara ka ratsa ramin ka sha shayinka, ka nemi ɗan rakiya zuwa tsohon ramin, sannan ka tari jirgin da ke saukowa ko ka hau titi ka samu mota zuwa Chandigarh kafin dare.